Dillalin Da Ba Ya Karɓar La'ada: Labarin Formol Da Tsatsar Ƙarfe

Manomin da ya kwance bakin buhun takin zamani, irin farin nan da ake kira ure, yakan iske ƙwayoyinsa a warware kamar tsabar dawa, ba su dunƙule ba. Makiyayin da ya kai shanunsa wurin allurar rigakafin harbin daji yakan ga an zuƙo maganin daga kwalba. Uwar da ta kai jaririnta gidan likita don rigakafin mashaƙo ita ma haka. Waɗannan abubuwa uku ba su yi kama da juna ba, amma akwai wani ruwa guda da ya shiga cikin aikin kowanensu. Sunansa formol. A Najeriya ana ce masa fomalin.

Formol ba ya fitowa daga rijiya, ba a kuma tatsarsa daga itace. A masana'anta ake yinsa, daga wani ruwan dabam mai suna metanol. A masana'antu da yawa kuwa, aikin yana tafiya ne da taimakon wasu ƴan ƙwayoyi na tsatsar ƙarfe, waɗanda girmansu bai wuce na ƙwayar wake ba. Ƴan ƙwayoyin nan suna da aibi guda: ba su daɗewa. Fiye da shekara 90 ke nan masana na neman dabarar da za ta tsawaita kwanansu. Ga yadda maganar take, da kuma inda ta shafi mutumin Damagaram.

Mene ne formol?

Asalinsa iska ce marar launi, mai wari mai hawa kai. Tana sa ido hawaye, tana ƙona hanci da maƙogwaro. Masana na kiranta formaldehid. Da yake iska ba ta ajiyuwa cikin sauƙi, sai a narkar da ita cikin ruwa. Ruwan nan shi ne formol. A cikin kowane kilo 100 nasa, kilo 37 iskar ce, saura ruwa ne da ɗan metanol kaɗan.

Halinsa shi ne ɗaurewa. In ya taɓa nama ko fata sai su sandare, su daina ruɓa. In ya taɓa ƙwayar cuta sai ta mutu, amma siffarta ba ta ɓaci ba. In an haɗa shi da ure sai ya zama danƙo mai ƙarfi. Saboda wannan hali ne duniya ke yin fiye da tan miliyan 40 na formol kowace shekara. Mafi yawansa yana tafiya ne wajen yin danƙon manna katako. Falankin nan da ake mannawa falle-falle, wanda kafintocin birni ke yin ƙofa da tebur da silin da shi, danƙon formol ne ya riƙe shi. Haka nan kwanonin roba masu tauri da ake sayarwa a kasuwar Dole.

Metanol kuma fa?

Metanol ruwa ne garai, mai kama wuta da sauri. A zamanin da, daga itace ake samunsa. In an turara itace a rufe, kamar yadda masu gawayi ke yi, hayaƙin da ke fita yana ɗauke da ɗan metanol. Sai a sanyaya hayaƙin a tace. Wannan hanya tana cin daji ƙwarai, ga shi abin da ake samu kaɗan ne. A shekara ta 1923 kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa metanol a masana'anta ba tare da itace ba. Yau daga iskar gaz ta ƙarƙashin ƙasa ake yin mafi yawansa, a ƙasar Sin kuma daga kwal. A Afirka an kafa masana'antarsa a Arzew ta Aljeriya tun shekarun 1970, an kuma buɗe wata babba a Damiyetta ta Masar a 2011.

Tsakanin metanol da formol taki ɗaya ne kawai. Amma takin nan yana da wuyar yi daidai.

Gawayi da toka

Kowa ya san bambancin gawayi da toka. Mai gawayi yana so wuta ta ci itace rabi, sannan ya tsayar da ita. In ya yi sakaci ta ci gaba ɗaya, toka zai kwasa, wahalarsa ta tashi a banza.

To, haka abin yake ga metanol. A cikin iskar da ake shaƙa akwai wani kashi mai suna oksijen, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Shi ne ke sa wuta ta ci, shi ne kuma ke sa ƙarfe ya yi tsatsa. In an kunna wa metanol ashana, oksijen zai cinye shi ƙurmus, ba abin da zai rage sai tururi da iskar banza. Wannan ita ce tokar. Abin da ake so shi ne oksijen ya ci shi rabi ya tsaya. Rabin cin nan shi ne formol. Wuta kuwa ba ta san tsayawa da kanta ba. Dole a sami mai shiga tsakani.

Aikin dillali

A kasuwar bisashe ta Mirya ko ta Bakin Birji, mai saniya ya zo, mai saye ma ya zo. In an bar su su biyu, mai yiwuwa su wuni ba su daidaita ba, ko ciniki ya ƙare da faɗa. Dillali ne ke haɗa su. Saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ma ba nasa ba ne. Da an sallama sai ya juya ga wani cinikin.

A wajen haɗa magunguna ma akwai irin wannan mai shiga tsakani. Da Faransanci sunansa katalizer. A nan za a kira shi dillali. Abu ne da ke sa haɗi ya yi sauri, ya kuma bi hanyar da ake so, alhali shi kansa ba ya shiga cikin kayan da aka samu. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada.

Mutanen karkara sun daɗe da sanin irinsa, ko da ba su ba shi suna ba. Matan makiyaya a Damargu suna ɗiga ɗan ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono cikin ƙwaryar madara, sai madara ta kama, a yi cuku. Ɗigo kaɗan ya isa ƙwarya guda. Majeman Damagaram ma sukan jiƙa fata cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara don ta yi laushi kafin a sa ta cikin bagaruwa. Duk waɗannan dillalai ne da Allah ya halitta cikin jikin masu rai. Na masana'anta kuwa da ƙarfe ake yinsu, don su jure zafi.

Yadda aka faro

Wani masani ɗan Rasha mai suna Butlerov ne ya fara cin karo da formaldehid a shekara ta 1859. Kafin a cika shekara goma, wani Bajamushe mai suna Hofmann ya hura tururin metanol da iska a kan wayar wani ƙarfe mai tsada, platin, wadda aka gasa ta yi ja. Sai ga warin formol ya tashi. Platin ya fi ƙarfin kasuwa, don haka aka koma ga jan ƙarfe. Daga 1910 kuma aka koma ga azurfa.

Azurfa tana aiki, har yau ma akwai masana'antu da yawa da ke amfani da ita. Amma tana son zafi mai tsanani, digiri 600 zuwa 700. Don a gane, ruwa yana tafasa a digiri 100. Kuma bayan ƴan watanni sai ta gaji, a kwashe ta a sake tacewa.

A shekara ta 1931 wasu masana biyu a jami'ar Wisconsin ta Amurka, Adkins da Peterson, suka gwada wata hanya. Maimakon ƙarfe tsantsa, suka ɗauki tsatsar ƙarfe iri biyu. Ɗaya tsatsar baƙin ƙarfe ce, irin wadda ke kama garma in ta kwana a raɓa. Ɗayar tsatsar wani ƙarfe ce mai suna molibden, wanda launinsa ya yi kama da na dalma. Kowace ita kaɗai tana da aibi. Tsatsar baƙin ƙarfe tana da zafin nama, amma ba ta san tsayawa ba, toka take yi. Tsatsar molibden ta iya tsayawa daidai a kan formol, amma tana da nawa. Da aka haɗa su sai aka sami sauri da iyawa a wuri guda, kuma a zafin da bai wuce digiri 250 zuwa 400 ba. A shekarun 1950 masana'antu suka karɓi wannan haɗi. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin da na Reichhold na Amurka suka kafa hanyar da ake kira Formox, wadda kamfanin Johnson Matthey na Ingila ya saya a 2013.

Tsatsar baƙin ƙarfe ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ita ce tama. Ita ce ke ba jar ƙasa launinta. Maƙeran da suka yi wa Sarkin Damagaram Tanimun aiki, wanda ya rasu a 1884, sun san yadda ake zuga wuta a raba tama da tsatsarta har ƙarfe ya fito. Su suna korar oksijen daga cikin dutse. Masu yin formol kuwa oksijen ɗin da ke cikin tsatsar suke bukata.

Cikin tukunyar

Tukunyar da ake yin aikin katuwa ce ta ƙarfe. A cikinta an jera bututai a tsaye, dubbai, a manyan masana'antu har fiye da 10,000. Faɗin kowane bai fi babban yatsa da yawa ba, tsawonsa kuma mita ɗaya da wani abu. Kowane bututu an cika shi da ƴan ƙwayoyin dillali. Daga sama ake huro tururin metanol gauraye da iska. Kafin ƙiftawar ido ya ratsa ya fita ta ƙasa, ya zama formaldehid. Sai a wanke iskar da ruwa, a tara formol.

Ga abin da ke faruwa a fuskar kowace ƙwaya. Metanol ya zo ya zauna a kan molibden. Molibden ya ɗauki oksijen daga jikinsa ya ba shi, kamar dillalin da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya cika ciniki. Formol ya tashi ya tafi. Nan take iska ta mayar wa ƙwayar oksijen ɗin da ta ranta, baƙin ƙarfe kuma shi ke taimakawa bashin ya dawo da wuri. Haka ake ta yi dare da rana. In aiki na tafiya daidai, cikin kowane kashi 100 na metanol, fiye da 90 na zama formol.

Inda gizo ke saƙa

An ce dillalin nan ba ya shiga cikin kaya. Da haka ne ɗari bisa ɗari, da cika ɗaya ta isa har abada. Amma a aikace, tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu ake kwashe shi, wani lokaci ma bai kai shekara ba. Dalilai uku ne, kuma a sarƙe suke da juna.

Na farko zafi. Haɗin metanol da oksijen yana fid da zafi mai yawa, kuma ba ya rabuwa daidai cikin bututu. A kusa da sama, inda metanol ya fi yawa, akwai wani wuri da ya fi ko'ina zafi, kamar gindin tukunya inda tuwo ke ƙanzo.

Na biyu gudun molibden. A wurin nan mai zafi, metanol yakan kama molibden ya tashi da shi kamar tururi. Kaɗan-kaɗan ne, amma ba dare ba rana. Manomin jigawa ya san irin wannan. Iskar bazara tana kwashe lallausar ƙasar gona, ta bar tsakuwa. In molibden ya gudu, abin da ke saura a fuskar ƙwayar shi ne tsatsar baƙin ƙarfe, wadda ba ta san tsayawa ba. Daga nan sai toka ta fara yawa, formol ya ragu.

Na uku toshewa. Molibden ɗin da ya tashi ba ya fita waje. In ya gangara ƙasan bututu, inda metanol ya ƙare, sai ya sauka ya daskare kamar ƴan allurai. Alluran nan su cika ƙofofin da iska ke bi, kamar yadda rairayi ke cike rijiya. Injin hura iska ya yi ta nishi, yana shan wutar lantarki fiye da da. Rana ɗaya sai iskar ta kasa wucewa yadda ake so.

In an kai nan ba makawa sai a tsayar da masana'anta. A buɗe tukunya, a zuƙe bututai ɗaya bayan ɗaya, a sake cika kowane da awo daidai, don kada iska ta fi bin wani ta bar wani. Aikin yana cin kwanaki, kuma duk kwanakin nan ba a samun ko ɗigo. Ga shi molibden ba araha ba ne. Mafi yawansa daga Sin da Chili da Peru da Amurka yake fitowa, kuma farashinsa yakan yi tsalle, kamar yadda ya yi a farkon 2023. Duk wannan asara a kan kuɗin kaya take ƙarewa.

Dabarun da aka samo

Masana ba su zauna ba. Dabara ta farko ita ce guzuri. Haɗin yana bukatar molibden ɗaya da rabi ga kowane baƙin ƙarfe ɗaya. Amma masu yin ƙwayoyin sukan zuba biyu ko uku. In na fuska ya gudu, sai na ajiya ya maye gurbinsa. Wannan yana jinkirta tsufa, amma kuma yana ƙara abin da zai je ya toshe ƙasan bututu.

Dabara ta biyu ita ce siffa. Ba a yin ƙwayoyin a dunƙule. Ana yinsu da huda a tsakiya kamar duwatsun wuya na mata, don iska ta ratsa ta ciki da ta waje.

Ta uku ita ce sirki. A saman bututu, inda wuta ta fi ci, ana gauraya ƙwayoyin dillali da wasu na gasasshen yumɓu waɗanda ba su aikin komai. Kamar yadda mai shuka ridi ke gauraya iri da rairayi don kada ya fito a cunkushe, haka nan ake raba zafin ya bazu.

Ta huɗu ita ce sanyaya. Bututan suna tsaye ne cikin wani mai na musamman da ke kwashe zafi. Da zafin nan ake tafasa ruwa a sami tururin da ke juya wasu injuna. In ƙwayoyin sabbi ne sai a riƙe man da ɗan sanyi. In sun fara tsufa sai a riƙa ƙara zafi sannu a hankali don su ci gaba da aiki.

Akwai kuma maganar lodi. Binciken da aka yi a babbar makarantar fasaha ta ƙasar Danmak ya nuna cewa yawan metanol da yawan zafi su ne ke ƙara gudun molibden, tururin ruwa kuma yana rage shi. Mai masana'anta yana cikin halin mai jaki. In ya labta kaya da yawa zai sami kuɗi yau, amma jakin ba zai daɗe ba. In ya rage kaya jaki zai daɗe, amma ribar yini ta ragu. Kowa da lissafin da yake yi.

Har yanzu ana neman sabon haɗi. An gwada ƙara wasu ƙarafa kaɗan, irin su kurom da kobal. A jami'ar Cardiff ta Birtaniya an gwada shafa molibden siriri a bayan ƙwayar tsatsar baƙin ƙarfe, kamar yaɓen siminti a kan ginin ƙasa, don a rage yawan wanda ake kashewa. A Danmak kuma an gwada ɗora molibden a kan wani farin sinadari irin wanda ke cikin ƙashi da haƙori, da fatan zai riƙe shi da kyau. Ba ƙashin dabba ake dakawa ba, irinsa ake haɗawa. Waɗannan duk gwaji ne na ɗakin bincike. A masana'antu kuwa, haɗin nan na 1931 shi ne ke riƙe da aiki tare da azurfa. Tsofaffin ƙwayoyin da aka kwashe ba a zubar da su. Ana mayar da su ga masu yinsu, a ciro molibden a sake sabbi.

Ina ruwan manomi?

Ruwansa na farko yana cikin buhun taki. Ure yana son shan laima. In an bar shi haka nan sai ya dunƙule ya zama dutse, ko ya farfashe ya zama gari tun a hanya. Don haka masana'antun da ke yin ure mai ƙwaya sukan zuba ɗan formol a ciki tun yana narke. Abin bai kai rabin kilo ba cikin buhu mai kilo 50, amma shi ke sa ƙwaya ta yi tauri. Takin da ya fito daga masana'antar Indorama kusa da Fatakwal, wadda ta fara aiki a 2016, ko ta Dangote a Legas, wadda aka buɗe a 2022, yana yin tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso Magarya ko Matamaye. Ƙwaya mai tauri ce ke jure wannan tafiya, ita ce kuma ke aunuwa daidai a gindin hatsi. Duk da haka, a ajiye buhu a kan katako, a inuwa, a ɗaure bakinsa. Formol ba ya hana ruwan sama aikinsa.

Ruwansa na biyu yana cikin allura. A shekara ta 1923 wani likitan dabbobi na cibiyar Pasteur a Faransa, Gaston Ramon, ya gano cewa in an zuba ɗan formol cikin dafin cutar mashaƙo aka ajiye da ɗumi na ƴan makonni, dafin yakan mutu. Amma jiki yana gane shi, ya shirya yaƙi da na gaske. Kamar a nuna wa kare fatar kura ne don ya san warinta. Da wannan dabara ake yin rigakafin mashaƙo da na tetanos, ciwon nan mai sa haƙora su sarƙe. Mutanen Matamaye da Kance ba su manta da mashaƙon da ya ɓarke a 2023 ba, wanda ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba. Ta wannan hanya kuma ake kashe ƙwayoyin cutar harbin daji a yi rigakafin shanu. Ba kowace allura ake yi da formol ba. Ta ciwon huhun shanu, alal misali, da ƙwayar cuta mai rai ake yinta, wadda aka raunana. Ɗan abin da ke saura na formol cikin allura kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai wanda jikin mutum ke yi da kansa kullum ba.

Dillalai a ƙasar Damagaram

Formol ɗin da ake aiki da shi a gidajen likita da ma'aikatar kiwo daga waje yake zuwa. Amma aikin dillali irin na masana'anta ya iso jahar nan. A ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, wajen kilomita 50 arewa da birnin Damagaram a kan hanyar Tanut. An gina ta tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, don tace ganga 20,000 a yini. Ɗanyen man yana zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 462 daga Agadem. Abin da take fitarwa shi ne esans da gazuwal da gaz na girki. Matatun mai ba su aiki sai da dillalai. Wani yana farfasa mai mai nauyi ya zama esans. Wani kuma, wanda galibi da molibden ake yinsa, yana cire farar wuta daga gazuwal. Su ma suna gajiya, su ma ana sake su. Ƴaƴan ƙasa da suka karanta wannan fanni suna da wurin aiki a gida.

Dillalin da ya fi kusa da manomi kuwa yana cikin gonarsa. Duk wanda ya tuge wake ko gujiya ya ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, masu kama da ƙuraje. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kamo abincin shuka daga iska su ba ƙasa. Abin da suke aikin da shi ya ƙunshi ƙarafa biyu, baƙin ƙarfe da molibden, wato su ɗin nan dai na cikin tukunyar formol. Gwajin da aka yi a tashar binciken noma ta Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa a ƙasar jigawa mai tsami, gujiya takan rasa isasshen molibden, kuma ɗan kaɗan da aka ƙara mata ya sa ta fi kamo abinci daga iska. Shi ya sa gonar da aka haɗa hatsi da wake, aka kuma ba ta takin gida, take riƙe ƙarfinta.

A yi hattara

Wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka yatsa. Formol guba ne. A shekara ta 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo sankara ga mai yawan shaƙarsa. A wasu kasuwannin Afirka da Asiya an sha kama masu shafa shi a jikin nama ko kifi don kada su ruɓe. Wannan cin amana ne, kuma laifi ne. Naman da ya sandare fiye da kima, mai warin magani, a guje shi, a kuma sanar da ma'aikatan kiwo. Hanyoyin ajiya na gado suna nan: gishiri, rana, hayaƙi, kilishi.

Mai kiwon kaji da aka ba formol don tsabtace akurki ya fitar da kajin tukuna. Ya rufe hanci da hannu, ya bi awon da malamin dabbobi ya faɗa, ya bar ƙofa a buɗe har warin ya fita. In ya fantsama a ido ko fata, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a nufi gidan likita.

Metanol ma haka. A ido ba a bambanta shi da ruwa. In mutum ya sha, hantarsa ce ke zama dillali. Takan juya shi ya zama formol a cikin jiki, daga nan ya zama wata guba mai kashe jijiyar ido. Ƙaramin cokali biyu na iya makantar da babban mutum, abin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba kuma na iya kisa. A shekara ta 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya saboda abin sha da aka gauraya da shi. Alamar takan jinkirta har yini guda: ciwon kai, amai, da gani dishi-dishi. Kada a jira, a kai mutum likita tun da wuri.

Abu na ƙarshe shi ne jarka. Duk jarka ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar formol ko metanol, kada a zuba mata ruwan sha, ko nono, ko man gujiya, ko da an wanke ta. A ajiye irin waɗannan kaya inda hannun yara ba ya kai, a kuma sa wanda ya iya karatu ya karanta abin da aka rubuta a jikinsu kafin a buɗe.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye mutane da bisashe.